Yadda ake yi wa ɗan majalisar tarayya kiranye

Kullum sai ka ji ana cewa wai mun zaɓi mutum ya tafi Abuja ya ɓace, to ai akwai hanyar dawo da shi gida, sashe na 69 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Da farko ka tabbatar da mazaɓarka tukunna, don kujerun majalisar wakilai 360 ne, Kano kaɗai tana da 24, wata mazaɓar ma ƙananan hukumomi biyu ko uku aka haɗa.

Sai a rubuta takardar koke cewa an daina amincewa da shi, fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba fa, a nan gizo ke saƙa. A kai wa shugaban INEC, su kuma su sa ranar tantancewa, duk wanda ya sa hannu ya fito rumfarsa da katin zaɓe a hannu ya ce e, sa hannuna ne. Kiranyen Sanata Dino Melaye a 2018 a wannan matakin ya mutu murus, mutane ba su fito ba. In an tsallake, sai ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 da karɓar koken.