Yadda ake haɗa rege da gambara da sol a waƙa ɗaya

Matashin mawaƙi a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru yana da masu sauraro iri-iri, wasu Hausawa, wasu Fulani, wasu kuma sun fi sabawa da Faransanci, kuma waƙar da ta haɗa rege da gambarar zamani da kiɗan sol tana iya shiga kunnen dukkansu idan an gina ta da hankali. Haɗin ba baƙo ba ne, domin DJ Kool Herc, wanda ake danganta farkon gambara da shagalin da ya shirya a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, haifaffen Jamaika ne, ƙasar da rege ya fito, sannan ƙungiyar Fugees ta tabbatar a faifanta na 1996 cewa salon uku suna zama a tukunya ɗaya.

Abu na farko shi ne saurin kiɗa. A saita shi tsakanin bugu 80 zuwa 90 a minti ɗaya, inda rege da gambara suke haɗuwa ba tare da ɗaya ya ja ɗaya ba. Idan aka ƙidaya bugu huɗu-huɗu a wannan sauri, bugun ganga mai kauri na rege yana sauka a kan na biyu da na huɗu, daidai inda gambara take sa nata. Bambancin shi ne rege yakan bar bugun farko fanko, gambara kuwa takan cika shi. Saboda haka sai a cika shi a baitocin gambara, a bar shi fanko a amshi, kuma mai sauraro zai ji waƙar ta numfasa ko da bai san dalili ba. Jita ko fiyano su riƙa ɗan sara a tsakanin bugu da bugu, jitar bes kuma, wato jita mai kaurin sauti, ta yi jimla gajera sannan ta yi shiru. Yawancin masu situdiyonmu suna tsoron wannan shirun, suna cusa kayan kiɗa har sai murya ta rasa wurin tsayawa.

Amshi shi ne rabon sol. Wannan salo ya fito daga waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka, inda jagora yake ba da waƙa jama'a suna karɓa, kuma wanda ya tashi yana jin Mamman Shata da 'yan amshinsa ba sai an koya masa wannan ba. A ɗauki muryoyi biyu ko uku a jera su a kan juna, a bar amshin ya zama layi biyu kawai. Ni dai na fi son amshi da Hausa, baiti ɗaya da Fulatanci, wani kuma da Faransanci idan mawaƙin ya iya shi da gaske.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne karin harshe. Hausa tana bambanta ma'ana da hawa da saukar murya da kuma tsawon wasali: kuka na hawaye daban yake da kukar miya, garin zama daban yake da garin tuwo. Wanda ya ɗora kalmomi a kan karin da ya kwaikwayo daga mawaƙan Amurka zai murɗe su har dattijo ya kasa gane abin da ake faɗa. A fara karanta baitin da baki kamar magana, a lura da inda murya take hawa, sannan a gina karin waƙa a kansa. Kalangu yana taimakawa a nan, tunda shi ma bin muryar mutum yake yi, amma a sa shi kaɗan, yana amsa wa mai gambara a ƙarshen layi.

Kada a yanko wani sashe na faifan wani ba tare da izini ba. Gara a sake kaɗa abin da hannu, kuma ko a hakan karin waƙar yana da mai shi.

Kafin a fitar da waƙar, a saurare ta a lasifikar waya da ƙaramar rediyo irin ta teburin mai shayi, domin a nan mafi yawan mutane za su ji ta. Idan bes ya ɓace, a koma situdiyo a ƙara masa sautin tsakiya har sai an ji shi.