Yadda Ake Tare Yaron Ƙauye Kafin Ya Bar Makaranta

Yaro baya barin makaranta rana ɗaya. Ranar kasuwa yake fara fashi, sai damina ta sauka a tafi da shi gona, kafin a gama ɗaurin gero ya manta hanyar aji. Toh in kai malami ne a firamaren ƙauye ko kana cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, ga yadda za ku yi.

Ku fara da rajista. Duk Juma'a a zauna da hedimasta a fitar da sunan yaron da yayi kwana uku bai zo ba, kar a jira ƙarshen zango.

Sai a je gidansu, amma ba da faɗa ba. A tafi da mai unguwa ko liman, in yarinya ce a tura mata biyu su shiga wajen uwar. A gaisa, a tambayi gona, sannan a shiga maganar. Wallahi sau da yawa abin da zaka ji bai taka kara ya karya ba, yunifom ya yage yaro na jin kunya, ko an koro shi kan kuɗin PTA. Dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 tace karatu kyauta ne kuma dole daga aji ɗaya har JSS 3, amma dokar bata ɗinka wa kowa riga. Don haka a roƙi hedimasta ya daina kora, lokacin kaka kuma a bi manoma masu hali kowa ya bada dami ɗaya, a sayar a ɗinka yunifom a sayi littattafai.

Talla ita ce mai wuya. Da kuɗin farantin nan uwa take cefane kuma da shi take tarawa ƴarta kayan ɗaki, in kace mata kawai ta daina ka ɓata yawun bakinka ne. Gara a daidaita, talla sai an tashi daga makaranta, ko wata dattijuwa ta kawo ƙosan ƙofar makaranta lokacin tara yara su saye, yarinya na aji kuma ciniki bai tsaya ba.

Malamin allo ma a same shi da girmamawa a raba lokaci, asuba da yamma nasa ne.

Amma fa in malaman boko basa zuwa sai sau biyu a sati, uban da ya ɗauke ɗansa ya kai gona yafi ku gaskiya. A rubuta ranakun, kwamiti ya kaiwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, in shiru a wuce SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha.

Sai ƴan aji shida, nan ake asarar ƴan mata sosai saboda sakandaren tana wani gari. Tun kafin hutu a haɗa su rukuni, a samu babba ɗaya da zai rinƙa raka su da safe ya taro su da azahar.