Yadda na daina ƙarewar harsashi ina tsaye a gasar IPSC

Abin da ya daɗe yana cinye mini maki shi ne harsashi ya ƙare ina tsaye gaban allon harbi. A wannan gasa ta IPSC, wato gasar harbin bindiga ta ƙasa da ƙasa da ake yi ana tafiya daga matsaya zuwa matsaya, ana raba maki da daƙiƙoƙin da ka ɗauka, don haka duk daƙiƙar da ka tsaya kana sauya gidan harsashi asara ce tsantsa.

Gyaran ya fara ne tun lokacin zagayen duba fili. A rukunin Production, na bindigogin hannu kusan yadda suka fito daga masana'anta, harsashi 15 ake zubawa a gida, doguwar hanyar harbi kuma tana iya kai harbi 32, allon takarda galibi harbi biyu. Sai na koma ƙirga harbin kowace matsaya, na ɗora sauyi a kan tafiya tsakanin matsaya da matsaya, inda ƙafa ke aiki hannu kuma ba ya komai. Ko da saura huɗu a ciki, ina yar da gidan. Inda akwai ƙananan faranta na ƙarfe nakan bar rarar biyu ko uku, domin su ne ke cin harsashi idan an kuskure.

Wurin da na fi dagewa shi ne takun farko: ƙafa na ɗagawa, babban yatsa na danna maɓallin sakin gida, hannun hagu ya riga ya kai ɗamara don ɗauko sabon gida. Ɗan ali a waje, nesa da kunama, bakin bindiga na kallon gaba, musamman idan tafiyar ta hagu ce, don nan ne mai harbi da hannun dama ke saurin karya ƙa'idar kusurwa, wadda ta hana bakin bindiga juyawa baya, a kore shi daga gasar. Wannan nake maimaitawa da bindiga babu harsashi har jiki ya haddace.