Keke da hayaƙin hunturu: shawara ga sababbin ɗalibai a Delhi da Greater Noida

Yawancin ɗalibanmu da ke zuwa karatu Indiya suna sauka ne tsakanin Agusta da Satumba, daidai lokacin da damina ke haɗa kayanta. Ruwa ya wanke sararin sama, itatuwa sun yi kore shar, ga titunan Greater Noida, garin da ke kusa da Delhi, faɗaɗa. Ba ka cika mako biyu sai ka zauna ka lissafa abin da masu adaidaita sahu ke karɓe maka tsakanin ɗaki da makaranta, ka ce gara ka sayi keke. Shawara ce mai kyau, kuma ita nake ba duk wanda ya tambaye ni. Ƙasar a shimfiɗe take, ba hawa ba gangara, masu faci da gyara suna kowace kasuwa, ɗalibin da ya gama kuwa yakan sayar da nasa da rahusa. Sai dai iskar da ka tarar a Satumba ba ita za ka shaƙa a Nuwamba ba, kuma mai keke ya fi kowa kwasar ta.

Daga tsakiyar Oktoba abubuwa ke fara haɗuwa. Manoman jihohin Punjab da Haryana suna girbe shinkafa, kuma 'yan makonni kaɗan ne gare su kafin su shuka alkama, don haka da yawa sai su cinna wa ragowar karan wuta a gona. Iskar arewa maso yamma ta ɗebo hayaƙin ta kawo shi Delhi da garuruwan da ke kewaye da ita. A daidai wannan lokaci bikin Diwali na mabiya addinin Hindu ke faɗowa, a kwana ana harba tartsatsin wuta. Amma kada ka ɗora wa manoma da masu biki duka laifin, don nasu na 'yan makonni ne. Hayaƙin motoci, ƙurar gine-gine, masana'antu, wuraren gasa bulo, ƙona shara, da wutar da masu gadi ke hurawa su ji ɗumi da dare, waɗannan suna nan har hunturu ya fita. Abin da ke tara su wuri ɗaya shi ne sanyi. Iskar da ke kusa da ƙasa takan yi sanyi da nauyi, mai ɗumi ta zauna a samanta ta danne ta, ga shi ba wata iska mai kaɗawa da za ta kore ta. Duk abin da aka ƙona sai ya tsaya a nan ƙasa inda hancinka yake.

Ranar farko da ka buɗe taga ka ga garin ya yi fari fat, rana ta fito ja kamar ba ita ba har kana iya kallonta ido da ido, zuciyarka za ta ce maka hazo ne, ai ka saba. Nan ne mutanenmu ke yin kuskure. Hazon da muka tashi a cikinsa ƙurar Sahara ce, yawancinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Ita ma tana da illa, tana kawo tari da mura da fashewar leɓe, amma kaso mai yawa na ƙwayoyinta manya ne, hanci da maƙogwaro suna tare wasu, rawani ko mayafi ma yana rage su. Na Delhi kuwa galibi toka ce da hayaƙin abin da aka ƙona. Masana suna kiran ƙwayoyinsa PM2.5, kuma sai ka jera kusan talatin daga cikin manyansu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Suna wuce hanci su sauka can ƙasan huhu, mafi ƙanƙanta har cikin jini suke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2021, ta ce kada matsakaicinsu a yini ya wuce 15 a ma'aunin da ake auna su. Ƙa'idar Indiya ta tsaya a 60. A munanan ranakun Nuwamba, Delhi kan haura 300.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sha'ani ido yaudararka zai yi, don akwai ranar da sama za ta yi kamar ta washe alhali iskar ba ta da kyau. Lamba za ka duba. Hukumar da ke sa ido kan gurɓatar muhalli ta ƙasar, CPCB, tana da manhaja mai suna Sameer, ka sauke ta a wayarka tun yanzu. Tana nuna ma'aunin ingancin iska mai suna AQI, wanda ya sha bamban da awon PM2.5 na baya, daga 0 zuwa 500. Har zuwa 100 lafiya lau, 101 zuwa 200 dama-dama, 201 zuwa 300 iska ta ɓaci, 301 zuwa 400 ta ɓaci ƙwarai, abin da ya haura 400 kuwa mai tsanani ne, yana taɓa har mai ƙoshin lafiya. A ranar 18 ga Nuwamba, 2024, matsakaicin Delhi ya kai 494. Ka zaɓi tashar awo mafi kusa da kai maimakon lambar gari gaba ɗaya. A Greater Noida akwai tasha a Knowledge Park III da kuma Knowledge Park V, kuma abin da suke nunawa yakan bambanta da na unguwar Anand Vihar a Delhi, wadda ta yi ƙaurin suna wajen hayaƙi saboda tashar motocin da ke wurin. Wasu manhajojin waje suna aiki da ma'aunin Amurka, shi ya sa za ka ji aboki ya ce ya ga 900 kai kuma kana ganin 450. Ka riƙe ma'auni ɗaya ka saba da shi.

Dalilin da ya sa nake matsa wa mai keke ya fi kowa kula shi ne numfashi. Wanda ke zaune a aji ko cikin mota yana jan iska a hankali ta hanci. Kai da ke taka feda kana jan ninki biyu ko fiye na abin da yake ja, kuma da zarar ka fara haki sai baki ya buɗe, hancin da ke tace wani abu ya tashi daga aiki. Wannan ba ya nufin a jingine keke har abada. Wani bincike da masana a Jami'ar Kambirij suka jagoranta, wanda ya fito a 2016, ya nuna cewa a mafi yawan biranen duniya amfanin motsa jiki da keke ya rinjayi illar iskar da ake shaƙa. Amma ya kuma nuna cewa inda PM2.5 ya zauna a 100, illar na fara rinjayar amfanin idan tuƙin ya wuce awa ɗaya da rabi a kullum. To, 100 ɗin nan a ma'aunin AQI na Indiya yana cikin rukunin 201 zuwa 300 ne, kuma a Nuwamba da Disamba kwanakin da suka fi haka muni ba su da wuyar samu.

Ga yadda nake ganin ya dace mai lafiya ya yi. Idan AQI yana ƙasa da 200, hau kekenka. Tsakanin 200 da 300, ka hau idan tafiyar gajera ce, da takunkumi, kuma a hankali. Daga 300 zuwa sama, sai in ba yadda za ka yi. Ya haura 400, ka ɗaure shi ka nemi wata hanya. Ba kai kaɗai za ka canza tsari ba a irin wannan rana. Tun 2017 akwai shirin gaggawa mai suna GRAP mai matakai huɗu, wanda idan ya kai mataki na uku ake dakatar da yawancin gine-gine a kuma hana wasu tsofaffin motoci fita, a na huɗu a tsayar da shigowar manyan motocin kaya sai masu ɗauke da kayan masarufi. Idan ka ji a labarai an shiga mataki na uku, ka san keke ya samu hutu.

Lokacin fita shi ne abin da ya fi ba sababbin zuwa mamaki. Mun saba da cewa iskar asuba ita ce mai daɗi, mai son motsa jiki ya fita bayan salla kafin rana ta ɗaga. A hunturun Delhi abin a juye yake. Daga tsakar dare zuwa hantsi ne hayaƙin ya fi kwanciya, sai rana ta ɗumama ƙasa sannan iskar ta ɗan ɗaga ta baje. Mafi sauƙin lokaci yakan kasance daga azahar zuwa la'asar, da magariba kuma sai ya sake taruwa tare da cunkoson masu tashi daga aiki. Don haka cefane, zuwa banki, ziyarar abokai, duk abin da kai ke sa masa lokaci, ka mayar da shi bayan azahar. Lakcar ƙarfe tara ba a hannunka take ba, ita ce za ka duba lamba a kanta. Sallar asuba kuwa, masallacin da ya fi kusa, a ƙafa, da takunkuminka.

Hanyar da za ka bi ma tana da tasiri. Hayaƙi ya fi yawa a bakin babban titi, yana raguwa da zarar ka ɗan nisanta da shi. Layin cikin unguwa ko ƙaramin titin da ke bin gefen babban ya fi maka, ko da zai ƙara maka minti biyar. A danja ko a shataletale irin na Pari Chowk, kada ka tsaya a bayan bas ko tifa salansa na huci a fuskarka, ka ja gefe ko ka ba da tazara. Babbar hanyar da ta haɗa Noida da Greater Noida ba wurin keke ba ce a kowane lokaci na shekara. Sannan ka rage gudu. Ka fita da wuri ka taka a natse yadda za ka iya numfashi ta hanci bakinka a rufe. In ka ji kana haki, ka wuce gejin.

Takunkumi na gaskiya shi ne mai lambar N95 ko FFP2, ana samunsa a kantin magani. Shuɗin nan na asibiti, da na yadi, da hirami ko gyale da aka naɗe a fuska, ba sa tare waɗannan ƙananan ƙwayoyi yadda ya kamata. Ko N95 ɗin ma aikinsa na ga yadda ya kama fuska. Ka matse ƙarfen da ke kan karan hanci, ka hura iska da ƙarfi, in ka ji tana fita ta gefen kunci ko gilashin idonka ya yi gumi, to akwai kafa. Mai igiya ta bayan kai ya fi mai rataya a kunne kamawa. Ga 'yan'uwa masu gemu, gaskiya ita ce gashi yana hana shi mannewa, iska na bi ta ƙarƙashi. Ba ina cewa kowa ya taɓa gemunsa ba, amma mai cikar gemu ya san kariyarsa ba ta kai ta wanda ba shi da shi ba, sai ya rama ta wajen rage fita a munanan ranaku. Mai ɗan bawul a gefe ya fi sauƙin fitar da numfashi a kan keke. Bayan 'yan kwanaki ka duba shi, za ka ga farin ya koma ruwan toka, idan kuma ya jiƙe da gumi ko ya fara yi maka nauyin numfashi, ka canza. Ka sani kuma ƙwayoyi yake tarewa, ba ya tare iskar gas ɗin da ke fita daga salansa.

A ƙarshen Disamba da Janairu wani haɗarin ke ƙaruwa. Raɓa kan haɗu da hayaƙin ta zama farin hazo mai kauri, wata safiyar ba ka ganin motar da ke gabanka sai fitilunta. Ka sa fitila fara a gaba, ja a baya, ka sa riga mai ɗaukar ido da hular kwano. Kada ka manta a nan hannun hagu ake tuƙi, kuma duk da haka sai ka ga babur ko adaidaita ya nufo ka ta hannunka. A shataletale da mahaɗa ne sabon zuwa ke rikicewa, ya kalli inda ya saba kallo.

Ranar da keke ya kwana a gida, jirgin Metro shi ne mafita. Layin Aqua, wanda aka buɗe a Janairun 2019, ya taso daga Sector 51 a Noida ya bi ta Knowledge Park II da Pari Chowk ya shiga cikin Greater Noida, kuma daga Sector 51 kana iya tsallakawa zuwa layin da zai kai ka Delhi. Adaidaita sahu a buɗe yake ta kowane gefe, ba zai kare ka daga hayaƙi ba, sai dai a zaune kake ba ka haki, don haka ka bar takunkumin a fuskarka.

Duk wannan lissafi na mai cikakkiyar lafiya ne. Mai ciwon asma, mai ciwon zuciya, mai sikila, da mace mai juna biyu, su sauko da mataki ɗaya: abin da na faɗa a kan 300 su ɗauke shi a kan 200, su kuma ga likita tun Oktoba kafin abin ya kankama. Mai asma kada ya hau keke ba tare da maganin shaƙawarsa a aljihu ba. Ƙaiƙayin ido, ɗacin ƙonewa a maƙogwaro, da baƙin da za ka gani idan ka face hanci wajen alwala, kusan kowa na fama da su a wannan lokaci. Amma tarin da ya ƙi tafiya, ƙirji ya riƙe, numfashi yana fito, ko jiri a kan keke, waɗannan na asibiti ne ba na citta da zuma ba. Lambar gaggawa a Indiya 112 ce.

Ɗakin kwananka ma ka kula da shi, tunda a nan huhu ke hutawa daga abin da ya kwaso a hanya. Ka rufe tagogi da dare da safe, ka buɗe su na ɗan lokaci da rana. In kuna da hali, ku haɗa kuɗi da abokan zama ku sayi na'urar tace iska mai matatar HEPA, ku sa ta inda kuke barci. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, a ɗakin da aka rufe ruf, ƙara hayaƙi suke yi a kan wanda ke nan, gara a jinkirta su ko a kunna lokacin da taga ke buɗe. Wajen tsakiyar Fabrairu iska kan fara kaɗawa lambobin su sauko, kuma Maris yana cikin watannin da suka fi daɗin tuƙi. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma zafi ne ke karɓar ragama, yakan kai digiri 45, a nan safiya da yamma ne lokacin keke, da gorar ruwa a ɗaure a jikinsa.