Yadda za ka zaɓi wuyan jita daidai hannunka

Mai sayen jita yakan tsaya duba fenti da sunan kamfani, alhali wuyanta ne zai wuni a tafin hannunsa. Ni idan ɗalibi ya ce in raka shi saye, wuyan nake fara sa shi ya riƙe.

Juya jitar ka shafa bayan wuyan. Da za a yanka shi a gicciye, bakin yankan zai yi kama da harafin C, D, U ko V, kuma da haruffan ake kiran su. Mai siffar C ya fi yawa a yau, kusan kowane hannu yana karɓarsa. U mai kauri ne, yana cika hannu kamar ƙotar fartanya, irin na jitar lantarkin nan Telecaster ta kamfanin Fender a farkon shekarun 1950. V yana da tudu a tsakiya, yana yi wa mai ɗora babban yatsa a saman wuyan daɗi. D kuwa bayansa a baje yake, sai wanda ke dafa babban yatsa a tsakiyar baya.

Kada kowa ya ce maka siririn wuya ne mai sauƙi. Wuyan da kamfanin jita na Ibanez ya kira Wizard, wanda ya fito a 1987, kaurinsa wajen milimita 17 ne a sama, kusa da kan jitar, kuma masu saurin yatsu suna son sa. Amma idan aikinka danne tsirkiya shida da yatsa ɗaya ne, sirantakar nan takan bar rami tsakanin tafinka da katakon, sai naman gindin babban yatsa ya ɗauki nauyin duka. Nan ciwon yake farawa. Saboda haka zauna a shagon, danne F, wato haɗin sautin da ake danne tsirkiya shidan da yatsa ɗaya, ka yi ta kaɗawa minti goma. Wuyan hannunka ya fara zafi? Ajiye ta, ko da ta yi arha.

Duba faɗi ma. Jita mai tsirkiyar nailan takan kai milimita 52 a sama, ta lantarki 42 zuwa 43. Yaro mai gajerun yatsu yana shan wahala a ta farkon.

Maganar sauti kuwa, ana zuzuta ta. Wuya mai kauri ya fi tauri, yakan sa amo ya ɗan daɗe kafin ya mutu. Amma a jitar lantarki, maganaɗisun da ke ɗaukar sautin da lasifika sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba. Ba zan bar ɗalibina ya sayi ciwon hannu saboda wannan ɗan bambanci ba.

Idan hunturu ya shigo, katako yana bushewa ya tsuke, bakin ƙarafunan da ke gicciye a wuyan ya leƙo yana kartar yatsa. Shafa gefen wuyan daga sama har ƙasa kafin ka biya. Sannan ka tambaya ko sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana juyawa, domin da ita ake miƙe shi idan ya lanƙwashe.