Kurakuran da muke tafkawa in mun fita ɗaukar hoton daji

Ni ma da farko kyamara na ɗora wa laifi, har bashi na ci na sayi lens mai tsada, hotunan kuma suka ci gaba da fitowa yadda suka saba. Sai daga baya na gano inda gizo ke saƙar.

Lokacin fita ne ya fi kashe mu. Mutum zai kwana a Yankari, ya tashi ya je Wikki ya sha wanka a ruwan ɗumi, ya karya a tsanake, sai wajen ƙarfe 11 ya rataya kyamara, alhali rana ta take, sama ta yi fari fat, inuwa baƙi ƙirin, dabbobin ma duk sun shige duhuwa suna hutawa. Hasken da kake nema daga fitowar rana ne zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya zuwa almuru, kuma a ƙasarmu ba ya jiran kowa, kafin ka gama kafa ƙafar kyamara ya tafi. Ka je wurin tun jiya ka zaɓi inda za ka tsaya.

Sai maganar hazo. Da yawa da hunturu ya shigo sai su ajiye kyamara wai gari ba kyau. Haba! Ai hazo shi ke raba maka abu hawa-hawa, kuka a gaba ta zubar da ganye tsirara, wata a bayanta ta ɗan dusashe, dutse can nesa kamar an zana da toka. Matsalar kawai kyamara tana ruɗewa da farin nan sai ta duhunta hoton ya koma ruwan toka mai datti, to ka ƙara mata haske da kanka, +1 a ma'aunin hasken kyamarar ko kusa da haka. Kuma don Allah kar ka canja lens a fili iska na kaɗawa, shiga mota ko ka yi a cikin jaka. In kana zargin ƙura ta shiga, sa f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken lens, ka ɗauki sama, duk ɗigon zai fito. Da abin hura iska ake cirewa, ba da bakin riga ba.

Tsuntsaye kuwa nan ake gane mai haƙuri. A fadamun Haɗeja da Nguru, wajen Baturiya da Dagona, lokacin sanyi tsuntsaye na zuwa har daga Turai su haɗu da namu irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe, amma sai ka ga mutum ya zo da farar shadda tana ƙyalli yana tafe yana waya, kafin ya iso duk sun watse. Sa kaya masu launin ƙasa, ka zauna ƙasa daidai idon tsuntsun, ka yi shiru. Wanda ke tashi sama yana son saurin ɗauka (shutter) na 1/1000 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, kuma kar ka ji tsoron kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 1600, gara hoto mai ɗan yashi da wanda ya yi dishi-dishi. Masu jifa da dutse don tsuntsu ya tashi su samu hoto, wallahi wannan ba sana'a ba ce. Tambayi masunta, sun fi ka sanin inda suke sauka.

Editin ma wani bala'in ne. A ja kala har ciyawar rani ta koma kore shar kamar watan Agusta, duk wanda ya san daji kallo ɗaya zai yi ya gane ƙarya ce. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, gyara kaɗan, ka bar shi ya kwana, da safe za ka ga kai da kanka ka rage.

In za ka tura wa mai firintin ta WhatsApp, tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton ya farfashe a firem. Kuma ka kwafe hotunanka wuri biyu. Na taɓa dawowa daga Kure ta Nijar da hotunan raƙuman dawa na kwana 3 a memori ɗaya, na sa a kwamfuta ta ce sai dai a yi fomat, wato a goge komai.