Kurakuran da ƙungiyoyin masunta ke yi wajen kai kukansu

Duk wanda ya taɓa zama da masunta a Yawuri ko Nguru ko Baga ya san ba abin faɗa suka rasa ba. Kukan ne ke tsayawa a bakin ruwa, in ma ya kai ofis sai ya kwana a aljihun tebur. Hukuma na da nata laifin, amma akwai wanda ke wuyan shugabannin ƙungiyoyi, kuma shi ne ya fi saurin gyaruwa.

Kuskure mafi girma shi ne zuwa babu lissafi. Sai a kwashi tawaga har gaban kwamishina, a zube a gaida shi, a ce, "Ranka ya daɗe, kifi ya ƙare, a dube mu." Nawa ya ragu? Tun yaushe? Ba wanda zai iya rubuta "kifi ya ƙare" a kasafin kuɗi. Gyaran kuwa bai wuce littafi da biro a hannun sakataren kowace kwata, wato inda jiragen masunta ke sauka, ba. Kullum ya rubuta jirage nawa suka fita, kwando nawa na ƙarfasa da tarwaɗa suka shigo, nawa aka sayar, kwalin banda nawa aka ɗora wa mota. In aka yi damina biyu ana haka, ƙungiya ta sami hujjar da za ta ajiye a kan tebur.

Sannan a nemi abu guda takamaimai. Masuncin fadamar Haɗeja da Nguru ya san ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta ta canza tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ya kuma san ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. To, maimakon "a taimaka mana", ya ce a yashe mashiga kaza, daga ƙauye kaza zuwa kaza, kafin ruwa ya sauka. Wannan ita ce buƙatar da ake iya yi wa farashi a ba da aikinta.

Wani kuskuren shi ne buga ƙofar da ba ita ba. Lasisi da dokar kamun kifi a koguna da tafkuna galibi a hannun jihohi suke, amma sai ka ga an rubuta wa Abuja. Sakin ruwan Tiga da Challawa aikin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne. In binciken abin da ke kashe kifi ake so, akwai cibiyar nazarin kifin ruwan daɗi a New Bussa, kusa da Kainji. Abin da ya shafi tsallaka iyaka a Tafkin Chadi kuma, akwai hukumar tafkin da aka kafa a 1964, mai hedikwata a N'Djamena.

Yanzu ga wanda ba a son ji. Muna kai ƙarar kowa, muna rufa wa namu asiri. Akwai masu zuba gubar gamalin a ruwa, akwai masu jan gidan sauro su kwashe 'ya'yan kifi, akwai masu fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta lalace a hanya. Mai saye ya san da wannan, jami'i ma ya sani. Ƙungiyar da ta yi shiru a kai, ranar da ta zo neman tallafi da shi za a rufe mata baki. Gara ta riga kowa: ta zauna da Sarkin Ruwa a sa doka, a ci tarar wanda ya karya, a kuma sanar a rediyo cewa an ci. Ai ba baƙon abu ba ne. A Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa a ranar.

Ana kuma mantawa da sauran masu cin abinci a jikin sana'ar. Da aka hana kamun kifi da cinikinsa a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar a 2015 saboda rikicin Boko Haram, ba masu taru kaɗai suka shiga uku ba. Matan da ke banda, dillalai, masu itace, direbobi, duk sun tagayyara. Tawagar da ta ƙunshi waɗannan ta fi ta masunta zalla nauyi, don ɗan siyasa ƙuri'a yake ƙirgawa.

Kada kuma a jira sai masifa ta auku kafin a nemi 'yan jarida. Ranar 21 ga Nuwamba ce ranar masunta ta duniya. A gayyaci wakilin gidan rediyo zuwa kwata da asuba, ya ga saukar jirage, sakatare ya buɗe masa littafin nan ya karanta da kansa.